Cream: Faifan da Gwanaye Uku Suka Saurari Juna

A watan Mayun 1967 wasu samari uku daga Birtaniya suka shiga situdiyon kamfanin Atlantic da ke New York, saura 'yan kwanaki bizarsu ta zama a Amurka ta ƙare. Babbansu shekararsa 27, ƙaraminsu 22. Suka jera manyan lasifikokin Marshall, irin waɗanda ake kaiwa babban zauren taro, a cikin ɗakin ɗaukar murya. Injiniyan sautin da aka haɗa su da shi, Tom Dowd, mutum ne da ya ɗauki Ray Charles da John Coltrane da Aretha Franklin, amma ya sha ba da labarin yadda ƙarar yaran nan ta ba shi mamaki. Kafin mako ya zagayo sun gama sun nufi filin jirgi. Abin da suka bari a kan tef shi ne Disraeli Gears, faifai na biyu na ƙungiyar Cream, wanda ya fito a watan Nuwamba na wannan shekarar. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, duka-duka minti 33 da 'yan daƙiƙoƙi.

Na daɗe ina riƙe da ra'ayin cewa wannan faifai shi ne mafi kyawun abin da Cream ta yi, kuma dalilina ya sha bamban da wanda masoyanta suka fi ambata. Idan ka tambayi tsofaffin masu sauraron kiɗan rok me ya sa suke girmama ƙungiyar, zancen dandamali za su kawo maka: yadda mutum uku za su ɗauki waƙa guda su yi ta juya ta minti sha biyar ko ashirin, kowa na baje kolin abin da hannunsa ya iya. A wurina wannan baje kolin shi ne ciwon da ya kashe ƙungiyar. Disraeli Gears ya yi kyau ne domin lokaci ya ƙure musu, aka kuma samu wani daga waje da ya iya duban gwani ya ce masa ya isa haka.

Sai an san mutanen kafin a gane nauyin wannan magana. Eric Clapton, mai jita, ya riga ya yi suna a ƙungiyar Yardbirds, sannan a wurin John Mayall, har matasan Landan suna rubuta masa a bango irin yabon da ya wuce gona da iri, wanda bai dace da ɗan Adam ba. Jack Bruce ɗan Sikotland ne, ya yi karatun kiɗa a makarantar koyon kiɗa ta Glasgow, ya iya babban gogen Turawa da ake kira celo, kuma shi ne mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa. Shi ne kuma mai rera yawancin waƙoƙin. Na ukun Ginger Baker, mai ganguna, ɗan kudancin Landan, dogo, mai jan gashi da zafin rai, wanda har ya mutu bai yarda a kira shi makaɗin rok ba. Shi a wurinsa ɗan jaz ne.

Baker da Bruce sun yi aiki tare a ƙungiyar Graham Bond, kuma zaman doya da manja suka yi. Cacar baki ba ta ƙarewa, wani lokaci har a ba hammata iska a kan dandamali jama'a na kallo, daga ƙarshe Baker ya kori Bruce har da zare masa wuƙa. Da Baker ya je wa Clapton da shawarar kafa sabuwar ƙungiya a 1966, Clapton ya amince bisa sharaɗi ɗaya: Bruce ne zai riƙe bes. Baker ya haɗiye fushinsa ya yarda, domin ya san babu kamar Bruce a Landan. Ke nan tun ranar farko an gina gidan a kan mutum biyu da ba sa ga maciji da juna, da na uku mai gudun rigima wanda ba ya son shiga tsakani.

A ƙasarmu mun saba da tsari bayyananne. A zamaninsa, idan Mamman Shata ya tsaya, an san shi ne uban tafiya. Masu kalangu, komai gwanintarsu, bayansa suke bi, 'yan amshi kuma suna jiran gurbinsu. Cream ba ta da uban tafiya. Kowa cikin ukun yana ganin shi ne, kuma kowa yana da hujja. Irin wannan taro, idan ba a samu mai tsawatarwa ba, kowa kansa yake kaɗa wa.

Faifansu na farko, Fresh Cream, wanda ya fito a Disambar 1966, bai nuna inda suka dosa ba. Rabinsa tsofaffin waƙoƙin buluz ne na baƙaƙen fatar Amurka, sauran kuma gwaje-gwaje. Yana da daɗi, amma ana jin mutanen suna laluben juna.

Sai 1967 ta shigo da wata iska. Shekarar ce Beatles suka fitar da Sgt. Pepper, Jimi Hendrix ya fitar da Are You Experienced, Pink Floyd suka fitar da faifansu na farko. Salon da ake yayi shi ne wanda aka sa wa suna saikedelik: kiɗa mai son ɗaukar mai sauraro ya kai shi duniyar mafarki, da sautin jita mai lanƙwasa da amsa-kuwwa, da kalmomi masu cike da launi waɗanda ba dole ne su bi hankali ba. Bangon Disraeli Gears kansa shaida ne. Martin Sharp, wani mai zane ɗan Ostareliya da ke zaune gida ɗaya da Clapton a unguwar Chelsea, shi ya zana shi da launuka masu ƙyalli, ja da ruwan hoda da kore, furanni da fukafukai sun cakuɗe, fuskokin mutum ukun suna leƙowa daga sama. Sunan faifan ma daga raha ya fito: wani ma'aikacinsu mai ɗaukar kaya ne ya yi tuntuɓen harshe yana zancen giyar keken tsere, ya ambaci sunan Benjamin Disraeli, tsohon firaministan Birtaniya, suka yi dariya suka riƙe.

Abin da Cream ta ƙara a kan wannan yayi shi ne nauyi. Da yawa cikin masu salon sun tafi da laushi, kiɗansu kamar hayaƙi. Su kuwa waɗannan ƙafarsu na kan buluz, ƙararsu kuma ta kai maƙura. Haɗuwar mafarki da nauyi ita ce ta buɗe ƙofar da Led Zeppelin da Black Sabbath suka bi bayan shekara biyu zuwa uku. Geezer Butler na Black Sabbath ya sha faɗin cewa ganin Jack Bruce ne ya nuna masa abin da za a iya yi da bes.

Mutumin da na ce ya iya tsawata musu shi ne Felix Pappalardi, matashin furodusa ɗan New York wanda shi ma ya yi karatun kiɗa. Yadda ya shigo ya nuna irin aikinsa. Cream ta riga ta ɗauki wata tsohuwar waƙar buluz mai suna Lawdy Mama. Pappalardi ya tafi da tef ɗin gida, shi da abokiyar rubutunsa Gail Collins suka rubuta sabbin kalmomi da sabuwar karin murya a kan kiɗan da aka riga aka ɗauka, ya dawo ya sa Clapton ya rera da siririyar murya. Haka aka haifi Strange Brew, waƙar da ta buɗe faifan. Bruce bai ji daɗi ba. An ɗora sabuwar waƙa a kan bes ɗin da ya kaɗa domin wata, kuma ya ga take-taken shugaban kamfanin, Ahmet Ertegun, na son tura Clapton gaba a mayar da shi ɗan rakiya. Ɓacin ransa yana da tushe. Amma saurari waƙar: ba ta kai minti uku ba, ta shiga ta faɗi abin da ke bakinta ta fita. Babu ɗaya daga cikin ukun da zai yanke ta a nan da an bar shi da son ransa.

Waƙa ta biyu ita ce wadda duniya ta sani, Sunshine of Your Love, kuma a kanta nake so in ɗan tsaya. Bruce ne ya ƙirƙiro takenta, ɗan gajeren salo mai sauti goma da ake maimaitawa, bayan ya kalli wasan Hendrix a Landan a farkon 1967. Abokin rubutunsa, mawallafin waƙe Pete Brown, ya samo kalmomin bayan sun kwana suna aiki har gari ya fara wayewa, Clapton kuma ya ƙara amshin. Da ka kunna ta, abin da zai fara dukan kunnenka shi ne jita da bes suna faɗin magana ɗaya, a tare, ba mai gaba ba mai baya. Taken yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar mai saukowa daga bene da kaya a ka, ya ɗan tsaya, ya koma ya sake saukowa. Bruce, mutumin da a kan dandamali ba ya iya maimaita salo ɗaya sau huɗu ba tare da ya yi masa ado ba, a nan ya dage a kan sauti goman nan. Wannan haƙuri ne, kuma daga gwani irinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ka mayar da kunnenka kan ganguna. A kiɗan rok da aka saba, idan ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, bugun mai ƙarfi a kan biyu da huɗu yake faɗowa. Shi ne wanda jama'a ke tafawa a kai. Baker ya juya abin. Ya ɗora nauyin a kan ɗaya da uku, kuma a kan gangunan nan masu zurfin murya, ya rage taɓa faranti masu ƙara. Sakamakon shi ne waƙar ba ta tsalle, takawa take yi, da nauyi, kamar abin da ba ka iya tsayar da shi. Ka gwada tafa hannu a kan biyu da huɗu yayin da take tafiya, za ka ji ta zama wata waƙa dabam, mara kwarjini. Dowd ya ce shi ya ba da shawarar wannan bugu da ya ga waƙar ta ƙi zama. Baker ya musanta, ya ce shi ne ya rage wa taken gudu ya kuma sa masa bugun. Ko wane ne ya fara furtawa, hannun da ya buga na Baker ne, kuma ban san wani makaɗi na zamanin da zai buga shi haka ba.

Bruce da Clapton suna karɓa-karɓar baitocin, wannan ya faɗi layi wancan ya ɗauka. Da aka zo gurbin jita, Clapton ya buɗe da karin wata tsohuwar waƙar soyayya ta Amurka, Blue Moon, da wannan sauti nasa mai kauri da santsi wanda yake samu idan ya rufe maɓallin kaifin jitarsa ta Gibson ya ƙure lasifika. Bai yi gaggawa ba. Ya bar kowane sauti ya ja numfashi kafin ya saki na gaba. Minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi ne duka, kuma ita ce mafi tsawo a faifan. Ertegun da farko bai so ta ba. Da aka sake ta ita kaɗai, ta kai mataki na 5 a jerin waƙoƙin Amurka a 1968, ta zama waƙar da duk yaron da ya sayi jita yake fara koya.

Amma idan aka ce in zaɓi guda in miƙa wa wanda bai taɓa jin Cream ba, musamman mai kunnen da ya tashi da kalangu da ganga, We're Going Wrong zan ba shi. Bruce ne ya rubuta ta shi kaɗai. Kalmominta kaɗan ne ƙwarai, na mutumin da ya farga cewa zamansa da wanda yake ƙauna ya kama hanyar lalacewa, kuma yana rera su a hankali da murya can sama, yana jan kowace gaɓa. A ƙarƙashin wannan murya mai tafiyar hawainiya, Baker yana mirgina ganguna ba tsayawa da sanduna masu kan auduga, a kan ƙirgen shida, wato tafiyar uku-uku da kunnen mutumin Afirka ta Yamma ya sani tun yana goye. Murya na tafiya sannu, ganguna na gudu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce damuwar da waƙar ke magana a kai. Clapton ya yi kawaici har waƙar ta yi nisa, sannan ya shigo da 'yan layuka kaɗan. Maƙiyan juna biyu ne ke riƙe da wannan waƙa, kuma ban san wani wuri da suka saurari juna kamar nan ba.

Tales of Brave Ulysses ita ce mafarkin faifan. Martin Sharp ne ya rubuta kalmomin, a kan teku da tsibirai da jarumin tatsuniyar Girka, ya miƙa wa Clapton a wani gidan rawa tun kafin su zauna gida ɗaya, bai ma san ko wane ne Clapton ba. Clapton ya ɗora su a kan kiɗa mai gangarowa, ya yi amfani da wata sabuwar na'urar takawa da ƙafa da ake kira wa-wa, wadda ke sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa kamar mai magana. Tana cikin waƙoƙin rok na farko-farko da aka ji wannan sauti. Ita ma ba ta kai minti uku ba, kuma kullum tana ƙarewa ina son ƙari. SWLABR gajeriya ce mai zafi. Take It Back, duk da annashuwar kiɗanta, ta samo asali ne daga matasan Amurka da ke ƙin takardar kiran soja zuwa yaƙin Biyetnam.

Ba duka faifan ne zinariya ba. Blue Condition, wadda Baker ya rubuta ya kuma rera, tana jan ƙafa, muryarsa kuma ba ta rera waƙa ba ce. Mother's Lament, ta ƙarshe, tsohuwar waƙar barkwanci ce ta gidajen wasan Landan, suka taru a gaban fiyano suka rera domin cike gurbi. Gaggawar da ta amfane su ita ce kuma ta bar waɗannan a ciki.

Masu ra'ayin da ya saɓa wa nawa suna da abin faɗi, kuma ba na raina shi. Za su ce faifan da ya biyo baya, Wheels of Fire na 1968, shi ne ya hau mataki na ɗaya a Amurka, alhali Disraeli Gears a na 4 ya tsaya, a Birtaniya kuma na 5. Za su ce a can White Room take. Za su ce Cream ta gaskiya ita ce ta dandamali, tun daga wasannin da suka yi a zauren Fillmore na San Francisco a watan Agustan 1967, inda jama'a suka ba su dama su yi ta kiɗa iya son ransu, kuma su ne suka kawo wa rok 'yancin da 'yan jaz ke da shi na ƙirƙira nan take. Duk wannan gaskiya ne.

To amma a dubi Wheels of Fire ɗin. Faifai biyu ne a haɗe, ɗaya na situdiyo, ɗaya na dandamali. White Room tana ɓangaren situdiyo, kuma Pappalardi ne dai a kanta. A ɓangaren dandamali akwai Spoonful mai fiye da minti 16, da Toad, wadda kusan dukanta Baker ne shi kaɗai a kan ganguna, ita ma fiye da minti 16. Waɗannan biyun kaɗai tsawonsu ya kusa kai na Disraeli Gears gaba ɗayansa. Na saurare su sau da yawa, kuma akwai wuraren da gashin jikina ke tashi. Akwai kuma dogayen mintoci da mutum uku ke gudu a hanyoyi uku, kowa na ƙoƙarin rufe muryar ɗan'uwansa. Waƙar dandamali da kowa ke komawa gare ta a wannan faifai ita ce Crossroads, tsohuwar waƙar buluz ta Robert Johnson, kuma minti huɗu ce da kaɗan.

Su kansu sun ba da shaida a kan haka. Clapton ya ba da labarin wani dare da ya daina kaɗawa a tsakiyar wasa, sauran biyun ba su ma lura ba. Bruce ya riƙa ƙara lasifika yana ƙure murya, Baker kuma har ƙarshen rayuwarsa yana cewa wannan ƙara ce ta lalata masa ji. A watan Mayun 1968 mujallar Rolling Stone ta buga sharhin Jon Landau da ya ce Clapton maimaita tsofaffin salon buluz kawai yake yi, kuma maganar ta soke shi domin ya san akwai gaskiya a ciki. Ya kuma ji faifan farko na ƙungiyar The Band, inda babu mai baje koli, kowa na yi wa waƙa hidima, sai abin da yake yi ya fita daga ransa. Ranar 26 ga Nuwamban 1968 suka yi wasan bankwana a zauren Royal Albert Hall na Landan. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da kafuwarsu. Da suka sake haɗuwa a 2005, dare huɗu a wannan zaure sun tafi lafiya, amma da aka je New York a watan Oktoba tsohuwar gabar Baker da Bruce ta sake tashi, daga nan ba su ƙara ba.

Akwai wata magana da ake yawan jingina wa kiɗan wannan zamani wadda ba na so matashi mai karanta wannan ya tafi da ita: wai ƙwaya ce ta haifar da shi. Gaskiya ne salon ya taso tare da ƙwayar LSD, kuma mutanen nan ba waliyyai ba ne. Amma abin da ake ji a Disraeli Gears shekaru ne na atisaye. Bruce ya koyi karanta kiɗa tun yana yaro. Baker ya yi shekaru a ƙungiyoyin jaz kafin a san sunansa. Clapton ya ɓata ƙuruciyarsa a ɗaki yana bin faya-fayan buluz sauti bayan sauti. Ba a gama faifai irin wannan cikin kwanaki kaɗan sai da hannu da ya riga ya ƙware. Abin da ƙwaya ta yi musu a bayyane yake: Baker ya yi shekaru masu yawa yana fama da ƙwayar heroyin, Clapton ya rufe kansa a gida a farkon shekarun 1970 saboda ita, daga baya giya ta karɓe shi, Bruce ma ya sha fama kuma sai da aka yi masa dashen hanta a 2003. Clapton da ya tsira, ya buɗe cibiyar gyaran masu shaye-shaye a tsibirin Antigua a 1998.

Sai bashin da ke kansu. Gindin wannan kiɗa na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, waɗanda yawancinsu suka mutu a talauce. Outside Woman Blues da ke cikin faifan, wani makaho ne mai suna Blind Joe Reynolds ya fara ɗaukar ta a 1929. Ya rasu a 1968, 'yan watanni bayan waƙarsa ta shiga gidajen miliyoyin Turawa. Jitar da Clapton ya kaɗa a Strange Brew salon Albert King ce ƙarara, duk wanda ya san King zai gane. A yi musu adalci, Cream tana rubuta sunayen masu waƙoƙin, kuma kuɗin I'm So Glad da suka ɗauka a faifansu na farko sun taimaki Skip James a jinyarsa ta ƙarshe kafin rasuwarsa a 1969. Wannan ya sa abin da Clapton ya yi a Birmingham a watan Agustan 1976 ya fi ciwo. Ya hau dandamali a buge, ya zagi baƙi da baƙaƙen fata, ya ce a kore su daga Ingila, ya goyi bayan ɗan siyasar nan mai ƙyamar baƙi, Enoch Powell. Mutumin da duk abin da yake ci daga hannun baƙar fata ya koya. Martanin da aka mayar masa ne ya haifar da gangamin mawaƙa masu yaƙi da wariyar launin fata, Rock Against Racism. Daga baya ya ce yana jin kunyar abin da ya faɗa. Ina sauraron jitarsa, ina kuma tuna wannan dare. Ban ga dalilin da zai sa in ajiye ɗaya domin ɗaya ba.

Baker wata hanya ya bi da nasa bashin. Tun yana saurayi, malaminsa Phil Seamen, wani gwanin gangar jaz na Ingila, ya kunna masa faya-fayan gangunan Afirka, kuma abin bai sake shi ba. Bayan Cream, da ƙungiyar Blind Faith da ba ta yi shekara ba, ya keta Sahara da mota a 1971 daga Aljeriya har Najeriya, tafiyar da Tony Palmer ya ɗauka a fim. Ya zauna a Legas, ya kafa situdiyon ARC a Ikeja, ya yi faifai da Fela Kuti da ƙungiyarsa Africa 70 wanda ya fito a 1971, ya kuma yi karon ganguna da Tony Allen a Berlin a 1978. Samarin Najeriya uku da suka yi aiki a ƙungiyarsa Salt, wato Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, su ne suka kafa BLO, mutum uku da jita da bes da ganguna, tsarin Cream sak amma da bugun Legas. Baker mutum ne mai wuyar zama, ya ɓata da kusan duk wanda ya yi hulɗa da shi. Sai dai ya zo ne ya zauna a gaban makaɗan da yake ganin sun fi shi sanin abin, kuma Turawan zamaninsa kaɗan ne suka yi haka.

Wani abu ya ci masa rai har ƙarshe. Idan ka duba bayan faifan, sunaye uku ne a kan Sunshine of Your Love: Bruce, Brown, Clapton. A tsarin haƙƙin mallakar waƙa, mai karin murya da mai kalmomi su ne marubuta, kuma su ke karɓar kuɗin duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko fim ko talla. Mai ganga ba ya cikin lissafi, ko da bugunsa ne ya ba waƙar kamanninta. Saboda haka Bruce da Brown, waɗanda suka rubuta yawancin manyan waƙoƙin ƙungiyar, suka ci gaba da samun rabon da Baker bai samu ba, alhali shi ne ya tara ƙungiyar tun farko. Bruce ya rasu a watan Oktoban 2014, Baker a watan Oktoban 2019, yana wannan ƙorafi a kusan duk hirar da aka yi da shi. Mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin ƙunƙunin tsoho mai ɗacin rai. Ni ina ganin a kan wannan waƙar yana da gaskiya, sunansa ya cancanci zama na huɗu.